Gardama daban, hujja daban

Ranar kasuwar Gidigir, in ka ratsa ta wajen masu awaki ko ta rumfar masu kanwa, da wuya ka rasa mutum biyu suna gardama. Wannan ya ce kaza, wancan ya ce ƙarya ne. Wannan ya ɗaga murya, wancan ya ɗaga fiye da tasa. Can sai ɗaya ya rantse, ɗayan ya ce: "Kai, rufe mana baki, ai kowa ya sani!" Mutane su taru, a yi dariya, a watse. In ka tambayi ɗan kallo wa ya ci, sai ya nuna maka wanda ya fi baki.

A takarda abin ba haka yake ba. Takarda ba ta da murya, ba ta zare ido, ba ta bugun ƙirji. Mai karanta ta yana zaune a natse, in ya ga dama ya koma baya ya sake bi layi-layi. Duk inda ka yi rufa-rufa zai gani. Saboda haka mai rubutu ba shi da madogara sai hujja.

Wannan darasi namu ne mu duka: manya da ke ajin yaƙi da jahilci, waɗanda wata rana za su rubuta wa bulama ko hukuma takarda, da kuma yaranmu na kwaleji da lise, waɗanda mushe ke ba su wata magana ya ce su tattauna ta a rubuce. Aikin ɗaya ne.

Kamar murhu, rubutun kafa hujja duwatsu uku gare shi. Akwai da'awa, wato abin da kake so a yarda da shi ko a aikata: "A gyara bakin rijiyar unguwarmu kafin bazara." Akwai hujja, wato dalilin da ya sa: "Bakin ya fara ruftawa." Akwai shaida, wato abin da aka gani, ko aka ƙirga, ko aka auna: "Akuya biyu sun faɗa ciki cikin watan nan, ga masu su nan a tambaye su." Waɗannan ba su da wuyar ganewa. Abin da ke da wuya, wanda ɗalibai ke gudu kamar wuta, shi ne maganar wanda bai yarda da kai ba. Yawancinmu ko dai mu yi kamar babu shi, ko mu ɗauko mafi rauni cikin maganganunsa mu yi ta duka. To, a kan wannan za mu tsaya yau. Bari mu fara da ganin yadda manya suka yi.

Wasiƙun Shehu Laminu da Muhammadu Bello

A shekarar 1804 aka fara jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a ƙasar Gobir. Ba a daɗe ba yaƙin ya kai yammacin Barno, har a 1808 aka ci Birnin Gazargamu, babban birnin sarakunan Barno. Wannan ba labarin nesa ba ne gare mu, don a zamanin nan Muniyo da Damagaram duka Barno suke bi. Sarkin Barno ya nemi taimakon wani malami, Muhammadu al-Amin al-Kanemi, wanda aka fi sani da Shehu Laminu. Ya ɗauki makami, amma kuma ya ɗauki alƙalami. Ya rubuta wa shugabannin jihadi wasiƙa da Larabci yana tambayar dalilin da ya sa suke yaƙar Barno. Cikin waɗanda suka ba shi amsa akwai Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu.

Ba shari'a muka zo yi tsakaninsu ba. Manyan malamai ne, mu kuwa ginin maganarsu muke so mu duba, yadda almajirin magini ke zagaya soro yana kallon yadda aka ɗora azara.

Da farko Shehu Laminu bai fara da zagi ba, da tambaya ya fara: me ya halatta muku yaƙarmu? Sa'an nan ya kawo shaidar da ido ke gani, cewa mutanen Barno suna salla, suna azumi, suna ba da zakka, ga masallatai a tsaye. Daga nan ya yi abin da ya sa har yau ake karanta wasiƙar. Da kansa ya jero laifuffukan da ake zargin Barno da su, guda 5: sarakuna na zuwa wasu wurare suna yanka da sunan sadaka, mata na fita kai ba lulluɓi, ana cin hanci, ana cin dukiyar marayu, ana zalunci a wajen shari'a. Ku lura da kyau, bai ce ƙarya ake yi musu ba. Ya yarda ana yi, ya yarda kuma laifi ne. Abin da ya musa shi ne hukuncin da aka ɗora a kai. Ya ce saɓo daban, kafirci daban, mai saɓo nasiha ake masa, ba yaƙi ba.

Kun ga dabarar? Da ya ce "mu Barno ba mu da aibi", da mutum ɗaya ya isa ya ƙaryata shi, don kowa ya taɓa ganin alƙali mai karɓar hanci. Da ya amsa abin da ba shi musuwa, sai ya tattara ƙarfinsa wuri guda, inda yake ganin ƙafar abokin gardamarsa ba ta taka ƙasa sosai ba.

Bayan haka ya kawo misali daga wani wuri. Ya ce irin waɗannan abubuwa ana yin su a Masar da Sham, har ya ambaci wata itaciya a garin Dimyaɗ da talakawa ke girmamawa, amma malaman can ba su ɗauki takobi a kan jama'a ba. Ya kuma nuna ya karanta littattafan Shehu Usmanu, yana ganin girmansa, kuma a ganinsa abin da mabiya ke yi ya saɓa wa abin da ke cikin littattafan. Wato ya kama su da ma'aunin da su da kansu suka yarda da shi. Wanda ya auna maka hatsi da tiyarka, ta ina za ka ce ya cuce ka?

To, yaya Bello ya yi? Shi ma bai musa abin da ba shi musuwa ba. Ya yarda cewa saɓo ba ya fitar da mutum daga addini, ya ce ai su ma haka suke karantarwa. Sai ya ce ba a nan gardamar take ba. A wajensa dalilin yaƙin shi ne Sarkin Barno ya taimaki sarakunan Hausa da ke yaƙar jama'ar Shehu, kuma yanka ga itatuwa da duwatsu ya wuce saɓo. Da haka ya ɗauke maganar daga filin da Shehu Laminu ya share, ya mai da ta inda ainihin saɓanin yake. A ganina nan ne gwanintarsa: ya gane cewa an amsa wata tambaya ce da ba ita ya yi ba, ya kuma faɗi haka a fili.

Wasiƙun ba su kashe wutar yaƙi nan take ba, kuma ba wanda ya ce wa ɗan uwansa "ka kayar da ni". Su biyun a shekara ɗaya suka rasu, 1837. Amma ga wani abin lura. Hujjojin Shehu Laminu mun san su ne saboda Bello ya kwafe wasiƙarsa ya sa cikin littafinsa Infaƙul Maisuri, wanda ya rubuta a 1812. Ya ajiye maganar abokin hamayyarsa da ƙarfinta, sa'an nan ya sa tasa amsa a gefe. Mu fa, da muka iya rubutu jiya-jiya, mukan iya haka?

Ɗan lise zai ji mushe na ambaton Aristo, wani masani na ƙasar Girka da ya rasu shekara 322 kafin haihuwar Annabi Isa. Shi ya ce magana na shiga mutane ta ƙofa uku: ta halin mai maganar, ta zuciyar mai sauraro, da ta hujjar kanta. Ku koma kan wasiƙar Shehu Laminu ku nemi ukun, duk suna nan. Almajiran zaure kuma sun san ilmin balaga. Ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan.

Mu dawo gida

Kowa a ƙasar Gure ya san darajar kwari. Can ne ruwa ke kusa, can ne dabino da goruba da rogo da lambun rani suke, can ake ɗibar kanwa. Kowa kuma ya san abin da ke cin kwari: tudun rairayi. Tun farin 1973 da na 1984 ciyawa da itatuwan da ke riƙe da tuddai suka ragu, iskar hunturu na kwaso rairayi daga arewa maso gabas tana zubawa cikin lambuna. Maganin da aka sani shi ne a kafa shingayen kalimbo ko na ƙiraren goruba a gicciye wa iska, a dasa itatuwa a tsakani da damina, a hana dabba hawa har shukar ta kama. Irin aikin da shirin PLECO ya yi ke nan a yankunan Gure da Maine-Sorowa. Kafa shinge aikin makwanni ne. Hana dabba hawa shi ne rigimar.

Mu ɗauka wani manomi ya ce wa ɗansa, ɗan lise da ya zo hutu daga Gure: "Mamman, tunda kai ne mai boko, rubuta mana takarda zuwa ga bulama a hana dabbobi hawa tudu." Mamman ya ɗauko kaye da bik ya rubuta:

"Ranka ya daɗe, makiyaya sun gama da mu. Kowa ya sani su ne ke kashe mana kwari. Ba su da tausayi, ba su san wahalar manomi ba. Hausawa na cewa tun ran gini ran zane. In ba a kore su ba, duk abin da ya faru kada a ga laifinmu."

Mamman ya ji daɗin takardarsa, babansa ma ya ce ta yi zafi. Amma mu tambaye ta. Ina da'awa? A kore su, daga ina zuwa ina, har yaushe? Ba a faɗa ba. Ina shaida? "Kowa ya sani" ba shaida ba ce, mafakar wanda bai je ya duba ba ce. "Ba su da tausayi" zagi ne, kuma ya haɗa mutum ɗari a laifin da watakila na mutum uku ne. Layin ƙarshe kuwa barazana ce, bulama mai hankali zai ninke takardar ya sa ƙarƙashin buzu.

Karin maganar fa? Karin magana gishiri ce, tana ƙara wa miya daɗi, amma ba a cika ciki da ita. Kusan kowace tana da kishiya. Ka ce "a bari ya huce shi ke kawo rabon wani", wani ya ce maka "sannu ba ta hana zuwa". Wa ya ci? Ba kowa. Ka sa ta bayan ka kafa hujja, kada ka sa ta a madadin hujja.

Babban gibin takardar shi ne babu makiyayi a cikinta, sai dodon da Mamman ya zana. Da ya je ruga ya gaida arɗo ya zauna, ga irin abin da zai ji: "Yaro, tun kakanninmu dabbobinmu ke sauka kwarin nan su sha ruwa su lasa kanwa. Hanyar rijiya ta kan tudun ta bi. In kun rufe, ta ina za mu wuce? Mu kwana goma muke yi mu tashi. Awakin garinku fa, da ke sake rani da damina, wa ya ɗaure su? Kalimbon da ke tudun wa ya sare shi ya kai murhu, saniya ce?"

Wannan magana tana da nauyi, kuma doka ma ba ta bar shi shi kaɗai ba. Dokar karkara ta 1993 ta amince da haƙƙin makiyaya a kan makiyaya da ruwa, ita ce kuma ta kawo kwamitocin kula da filaye. Dokar kiwo ta 2010 ta ce yawon kiwo haƙƙi ne na makiyayi. Wanda ya rubuta "a kore su" bai san da wannan ba, kuma ranar zaman sulhu za a karanta masa.

Sai Mamman ya yi abin da ya kamata ya fara da shi. Ya je tudun ya duba sawu. Ya tambayi tsofaffi inda rairayi yake da. Ya auna da takinsa. Ya sake rubutawa:

"Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri. Mu masu lambu a kwarin gabas muna roƙon a hana kowace dabba hawa tudun arewa har damina uku, tamu da ta baƙi.

"Dalili shi ne rairayi na shigowa lambuna. Bara da kaka akwai taki 30 tsakanin gindin tudu da dabinon farko. Jiya na auna a gaban dattawa biyu, saura taki 18. Rijiyar lambu ɗaya ta riga ta cike. Itatuwan da aka dasa cikin shinge an cinye kansu, ga sawun awaki nan a wurin.

"Makiyaya za su ce hanyarsu ta zuwa ruwa ta kan tudun ta bi, kuma awakin gari sun fi nasu ɓarna. Maganarsu ta biyu gaskiya ce: yawancin sawun da na gani daga gari ya fito. Shi ya sa muka ce dokar ta fara ta kanmu, mu ɗaure namu, mu kuma daina sarar kalimbo a wurin. Maganarsu ta farko ma gaskiya ce, ba mai ikon raba dabba da ruwa. Amma haƙƙin kai wa ga ruwa bai zama dole sai ta kan shuka ba. Muna roƙon ku zauna da arɗo da kwamitin filaye a fitar da burtali ta yamma da tudun, a sa masa alama. Zagayen zai ƙara musu tafiya, mun sani. In kwarin ya cike kuwa, ba lambu kaɗai zai tafi ba, har ruwan da kanwar da suke zuwa dominsu."

Takarda ta biyu ba ta kai ta farko zafi ba, baban Mamman ma sai da ya ɓata rai da ya ji an ambaci awakin gida. Amma ku duba abin da ta samu. Bulama ya san abin da ake so, da wuri, da tsawon lokaci. Yana iya aika mutum ya sake auna takin. In an karanta ta a gaban arɗo, ba abin da zai ce an ɓoye, don an riga shi faɗin maganarsa, an kuma ba shi gaskiya inda yake da ita. Abin da ya rage a yi gardama a kai ɗan kaɗan ne: ta ina burtali zai bi. Wannan kuwa abu ne da mutane ke iya zama su yanke kafin la'asar.

Wani ɗalibi zai so ya ƙara misali daga wani wuri, yadda Shehu Laminu ya kawo Masar. Akwai mai kyau kusa da mu. Daga tsakiyar shekarun 1980 manoman jihohin Maradi da Damagaram suka riƙa barin tohon itatuwa a gonakinsu suna yi masa sassabe mai kyau, har masu bincike suka ƙiyasta itatuwa wajen miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5. Wanda ya bi ta Matamaye ko Magarya ya ga gawo da idonsa. Misalin na nuna cewa ƙasa na farfaɗowa in mutane suka haɗa baki suka tsare ta. Sai dai a yi hattara. Mai wayo zai ce maka: "Can gona ce mai kututture a ƙasa, ruwan samansu ma ya fi namu. Nan tudu ne tsirara." Ya yi gaskiya. In za ka kawo misali, ka faɗi inda ya yi kama da naka, ka faɗi inda ya bambanta, tun kafin a faɗa maka.

Ku ƴan lise, abin da ake nema gare ku a jarrabawa bai wuce wannan ba, ko da da Faransanci za ku rubuta. Gabatarwa ta faɗi tambayar. Sashe ɗaya ya kawo hujjojin wannan gefe, sashe na biyu ya kawo na wancan, na uku ya yanke. Inda maki ke zubewa shi ne sashe na biyu, don da yawa layi uku suke yi masa na dole, kamar mai ba maroƙi sadaka yana kallon wani wuri. Ku gwada kanku da wannan: in wanda ba ku yarda da shi ba ya karanta sashen, zai ce "i, abin da nake nufi ke nan"? In ba zai ce ba, ku sake.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa ne Shehu Laminu ya yarda ana yi a Barno? Me ya musa?
2. Da Bello ya yarda cewa saɓo ba kafirci ba ne, ya faɗi gardamar ke nan? Don me?
3. A takardar Mamman ta biyu, ku ja layi ɗaya ƙarƙashin da'awa, layi biyu ƙarƙashin shaida.
4. Wace magana ce arɗo zai iya ƙarawa wadda Mamman bai amsa ba?

Aiki

Ku rabu biyu-biyu. Ku zaɓi magana ɗaya da ake gardama a kanta a garinku: kuɗin ruwan famfo, ko sarar goruba, ko cire yarinya daga lakwal don aure. Kowa ya faɗa wa ɗan uwansa ra'ayinsa da baki. Sa'an nan kowa ya rubuta ra'ayin ɗan uwansa, ba nasa ba, cikin layi 10. Ku yi musayar kaye. Ba wanda zai fara rubuta tasa amsa sai mai ra'ayin ya karanta ya sa hannu cewa ba a rage masa komai ba.